Koren da Kake Gani

…kuma wannan ma ba shi ba ne. Na san ba shi ba ne, Yaya. In na ƙara rawaya sai ciyawar ta koma kamar wadda rana ta gasa, in na rage sai ta zama koren fentin asibiti. Tun safe nake murza ƙwallon nan na na'urar gyaran launi da yatsuna, gaba, baya, gaba — kwarin yana nan yadda ka gina shi, tsaunuka biyu, rafi a tsakiya, ga bishiyar da ka ce ta fi rainon 'ya'yanka wahala. Babu wurin nan a duniya. A kwamfuta ka ƙirƙire shi ganye ɗaya-ɗaya, injina suka yi ta fitar da hotunan, girki kake ce wa wannan. Kai ka dafa, ni in sa gishiri. Aikina ke nan, gyaran launi. Yau mai kamfani zai karɓi fim ɗin kafin a tashi, da sunanka a ƙarshe, da Allah ya jiƙanka a ƙasan sunan, ni kuwa ban san gishirin da bakinka yake so ba.

Ka sha faɗa mini. Auta, bar shi haka, ya yi daidai. Ni kuma in kalli abin da ka turo a allon kwamfutata in ga toka-toka, sanyi ƙalau, kamar an wanke duniya da ruwan omo. Wannan ne daidai? Ka je a duba maka ido, Yaya. Sai ka yi dariyar nan taka da ke girgiza kujera, ka ce mai fenti ta fara. In zuba ja, ka ce na maida maka kwari ɗakin amarya. In janye, in ce ka ga, gawa.

Gawa. Bakina kuwa…

Allonka. Tsohon allon nan mai kauri, da tabon kofi a gindinsa. Kowa a kamfanin nan an auna masa nasa, ban da kai. Ina da 'yar na'urar da ake ratayawa a fuskar allo ta auna launinsa, ta daidaita shi da na kowa, kai ka sa mata suna kaska. Kar ki sa wa allona kaska. Da hannunka ka murɗa maɓallansa tun zuwansa, kaɗan nan, kaɗan can, shekara da shekaru, har ya zama babu mai irinsa. Ina ce maka allon maƙaryaci ne. Kana cewa ƙaryarsa ta fi gaskiyar nawa daɗi.

Da na dawo aiki bayan rasuwarka, aka ce in koma teburinka, tunda komai na fim ɗin yana cikin kwamfutarka. Na zauna. Rigar sanyinka a bayan kujera. Ban iya kallon komai ba, hannuna ne ya nemi abin yi — ya buɗe jaka, ya ɗauko kaska, ya rataya. Haka nake yi a gaban kowane allo kafin in taɓa aiki, kamar yadda ake wanke hannu kafin ci. Ta tambaye ni, wallahi ta tambaye ni, a mayar da allon yadda ya fito daga masana'anta? Na danna e. Ja ya wuce, kore ya wuce, shuɗi ya wuce, ina kallo ina share hanci. Sabo turken wawa.

Sai da ta gama na buɗe kwarin. Toka-toka, sanyi ƙalau. Irin wanda na saba gani a nawa.

To me kake gani kai? Me kake gani da kake cewa ya yi daidai?

Ɗakin nan duhu, labule a sauke, bango ruwan toka don kada ya ruɗi ido. A waje rana ce tsaka, ina jin motoci. Mai kamfani ya leƙo ɗazu ya ce yaya, na ce saura kaɗan. Ya ce in yi yadda na ga ya fi kyau, ai ni ce gwanar. Yadda ya fi kyau! Kyau zan iya shi da ido a rufe: shuɗi a inuwa, ruwan zinare a kan tsauni, ɗan haske yana zuba ta cikin ganye, 'yan ɗigo-ɗigo a sama don ya yi kama da tsohon fim. Kowa zai ce ma sha Allah. Kwarina ne zai fita da sunanka a jiki.

Auta, zo ki gani, haka kake kirana.

Turo mini.

Tsakanin teburina da naka ko taku nawa ne? Ƙofa ɗaya. Kullum kai ne mai tasowa, da kofinka a hannu, ka tsaya a bayana kana numfashi a kan ɗankwalina, ka kalli allona ka ce a'a, ba haka yake a wurina ba. In ce wurinka ne ba daidai ba. Kuma da gaskiyata, Yaya, har yanzu da gaskiyata, ma'auni ba ya ƙarya, abin da nake gani shi duniya za ta gani. Amma ashe kai ma ba musu kake yi ba. Abu biyu muke kallo muna faɗa a kan ɗaya. Kana zaune a kwarinka mai ɗumi kana kirana, ina nawa mai sanyi ina cewa turo mini.

Na gwada maɓallan da hannu. Ja sama kaɗan? Shuɗi ƙasa? Na tuna fuskarka takan yi ruwan zuma in na wuce ta ƙofarka da rana, ko fitilar teburin ce? Ko labulen? Na kira mai gyaran kwamfutocinmu, ya ce abin da aka goge a cikin allon kansa ba ya dawowa, ba a ajiye shi ko'ina. Ya ce ai yanzu ne ma allon ya samu lafiya. Na kusa jifansa da kaskar.

Garin neman gira… Inna ce mai faɗar wannan, ranar da na wanke maka farar rigar makaranta da shuni har ta koma ta likita. Ka sa ta a haka ka tafi.

Matarka ta turo mini hoto jiya, na roƙe ta. Kai ne a kujerar nan, ka juyo kana hararar wayarta, allon yana bayanka, ga gefen kwarin ya fito, ɗan tsito, bai kai farce ba. Na ja shi na ƙara girma har ya farfashe. Akwai ɗumi, e, akwai wani abu tsakanin kore da ruwan ƙasa… amma waya tana gyara launi da kanta, ba ta tambayar kowa. Rigar da ke jikinka fara ce, ni na saya maka, a hoton ta fito shuɗi-shuɗi. In rigar ƙarya ce, ciyawar fa?

Ina jin haushinka, ka sani? Mutum ya tafi bai bar ko lamba ɗaya ba. Ina jin haushin kaina fiye da haka. Ina kewarka.

Sallama a ƙofa. Matarka ce. Na ce mata ta zo ta gani kafin a miƙa, na manta na ce. Ta rame, Yaya. Tana lalube a duhu, ta dafa bayan kujera, hannunta ya faɗa kan rigar sanyinka, ta bar shi a nan. Na kunna daga farko. Rana tana fitowa ta bayan tsauni, inuwa tana ja da baya, rafin yana ƙyalli, bishiyarka tana motsi da iskar da ka koya mata. Wannan gwajin na nawa ne? Ban ma san wanne na bari ba.

Ba ta ƙifta ido.

"Kullum in ya dawo gida sai ya ce da ma in ga koren wurin nan," ta ce a hankali. "Ashe shi ne wannan. Haka yake ganinsa, ko Auta?"

Ƙwallon yana ƙarƙashin yatsuna, ya yi ɗumi. In ce e? Kalma ɗaya ce, ta tafi gida da ita ta nuna wa yara. Na riga na danna e sau ɗaya a kujerar nan…

Ja sama kaɗan. A'a. Ƙasa.

Tana jira, Yaya. Zo ka gani.