Ritayar Malam Toro

Shekara ashirin da biyu ina ɗinka lema a kamfaninmu, amma in ka tambayi wanda ya fi kowa suna a wurin, ba za a ce ni ba, ba kuma za a ce manaja ba. Malam Toro za a nuna maka. Toron agwagwa ne na ƙyalle, girmansa bai wuce filon jariri ba, yana riƙe da 'yar jar lema a fiffikensa na dama. Ni na ɗinka shi da guntayen yadi wata rana da aka ɗauke wuta muna zaman banza. Da na san abin da zai zama, da na gyara masa baki, don ya ɗan karkace.

Tsohon mai kamfani ne ya gan shi a kan kekena ya ce daga yau duk ma'aikacin da aka aika ƙasar waje tallar lema ya tafi da agwagwar nan, ya ɗauke ta hoto a gaban abin da garin yake taƙama da shi. To amma a ƙofarmu akwai doka, kuma maigadin lokacin ba ya wasa: kaya ba sa fita sai da rasit, mutum ba ya fita sai da kati. Toro ba shi da rasit tunda ba saye aka yi ba. Jirgi na shirin tashi, maigadi ya rungume ƙofa. Sai Mai Fayil, mutumin da ke riƙe da takardun ma'aikata, ya ruga ofis ya buga wa Toro katin aiki da lamba da hoto. Maigadi ya duba katin, ya duba fuskar, ya ƙame ya sara masa.

Wanda ya shiga fayil kuwa ya shiga ke nan. Duk shekara uku ana ƙara wa kowa girma in ba a kama shi da laifi ba, Toro kuwa bai taɓa makara ba, bai taɓa zagin kowa ba. A shekara ta tara ya wuce ni. A ta goma sha biyar aka ba shi kujera mai juyawa. Ni da na cusa masa auduga da yatsana, in na shiga ofishinsa sai na yi sallama, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Yawo kam ya sha shi. A allon da ke bakin ɗakin cin abinci akwai hotonsa yana tokare hasumiyar nan da ta karkace, Dogo mai fenti ya kwanta a ƙasa don ya ɗauko shi daidai. Akwai shi a gaban dalar duwatsu cikin rairayi, raƙumi yana cin gefen lemarsa. Akwai shi a kan katangar da aka ce ba a ganin ƙarshenta, da ƙarƙashin babban agogo, da gindin matar nan ta ƙarfe mai ɗaga fitila a bakin teku. Abokan tafiyarsa ba sa fitowa a hoto, doka ce. Iyaka ka ga babban yatsan wani a gefe. Ni kuwa aikina in ya dawo in wanke shi, in ɗinke inda ya yage, in sauya abin da ya mutu. Fiffike na sauya sau huɗu, baki sau biyu, har ma na daina lissafi.

Maigidana, Baban Auta, shi ne direban kamfani. Shi ke kai su filin jirgi, shi ke ɗauko su. Shekara goma sha shida yana wannan zirga-zirga bai taɓa wuce inda ake sauke akwati ba. Gaban mota yake zaunar da Toro, ya ɗaura masa bel, ma'aikacin da ke rakiya ya zauna a baya. In sun isa sai ya shafa masa kai ya ce, “Ka gano mana.” In ya dawo kuma, kafin ya tayar da mota sai ya juyo ya tambaye shi, “To, ya ka gani?” Sai Baban Auta ya kasa kunne kamar mai sauraro, sannan ya gyaɗa kai.

Yana da wata takarda, bayan kalanda ce, da ya rubuta wurare bakwai da zai gani in ya yi ritaya. Na sha yi masa tsiya a kanta. Nakan ce mutumin da bai iya zuwa gidan surukansa ba sai an yi masa tuni, shi ne zai je ƙarshen duniya. Bai kai ritayar ba. Ciwon kwana tara ya ɗauke shi, takardar tana aljihun rigarsa ta aiki.

Bayan na koma aiki, Toro ya dawo daga wata tafiya cikinsa a farke, rabin audugar ta zube. Na zauna da shi a cinya na daɗe. Washegari na zo da rigar aikin Baban Auta mai ruwan toka, ba wanki, na yayyanka ta na cusa. Idon hagu ma da ya ɓace, maɓallin rigar na sa. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma ƙara tsoma shi a ruwa ba, sai dai in goge shi. Tun daga nan in za a yi tafiya sai in bi ta ofis ina 'yan dabaru, in ce ai na ji ana ruwa sosai a wuri kaza, lema za ta yi kasuwa. Duk wurin da Toro ya je cikin bakwai ɗin, sai in soka jan zare a kan layinsa a takardar in ƙulle. Cikin shekara shida na ƙulle shida. Saura na bakwai, wanda ya ja wa layi biyu a ƙasa: inda kogi sukutum yake faɗowa daga kan dutse, har ƙararsa ta hana ka jin maganar na kusa da kai.

Ana haka aka kawo mana sabon manaja, yaro ɗanye shakaf mai takalmi mai tsini. Kwanansa uku ya tsaya gaban allon hotuna ya yamutsa fuska.

“Wannan tsumman fa?” in ji shi. “Zamani ya wuce nan. Za a zana mana agwagwa a kwamfuta, a liƙa ta a gaban duk hasumiyar da muke so. A jefa wannan a shara.”

Kafin in buɗe baki, sai na ji Mai Fayil ya yi gyaran murya. Tsoho ne siriri, shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

“Ranka ya daɗe, ba a jefa ma'aikaci mai mataki na goma sha ɗaya a shara. Sai an ba shi takardar tuhuma tukuna.”

Manaja ya yi dariya, ya duba ya ga ba wanda ya taya shi. Da fushi ya ce a rubuta. Aka rubuta cewa Malam Toro ya bayyana cikin awa arba'in da takwas dalilin da ya sa ba za a kore shi ba saboda tsufa da rashin dacewa da zamani. Masinja ya kai, ya ajiye a gabansa, ya dangwala masa ƙafa a tawada don shaidar ya karɓa. Ni aka bari da wankin ƙafar.

Awa arba'in da takwas suka cika ba amsa, sai aka kafa kwamiti. Kafin nan magana ta zagaye kamfani. Shugaban ƙungiyar ma'aikata ya hau kan benci a ɗakin cin abinci ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau agwagwa, gobe masu guga. Masu haɗa ƙarfen lema suka ajiye aiki rabin yini.

Ranar zama aka ɗora wa Toro littattafai uku a kujera don kansa ya leƙo saman tebur. Aka ajiye masa ruwa a kofi. Manaja ya karanto laifuffuka, ya ce wanda ake tuhuma ya yi magana. Muka jira. Fanka tana juyawa, iskarta ta ɗan tura shi ya karkata hagu.

“A rubuta ya musanta,” in ji shugaban ƙungiya.

“Iska ce!” Manaja ya buga tebur.

“Ranka ya daɗe, ba a katse ma'aikaci yana bayani.”

Aka kira shaidu. Dogo mai fenti ya rantse cewa sun kwana ɗaki ɗaya da shi a ƙasashe biyar bai taɓa jin ya yi munshari ko gulmar shugabanni ba. Wata mai tallace-tallace ta fashe da kuka, ta ce ranar da jakarta ta ɓace a tashar jirgin ƙasa shi kaɗai ne bai ce mata ai na gaya miki ba. Mai Fayil ya buɗe fayil ya nuna cewa a shekara ashirin da biyu Toro bai taɓa ɗaukar hutu ko na yini ɗaya ba. Da azahar ta yi manaja ya gaji, ya cire tabarau yana murza ido.

“To ku gaya mini, ta wace hanya zan rabu da shi?”

“Ritaya cikin mutunci,” in ji Mai Fayil. “Sashe na tara. Kamfani ya mayar da ma'aikaci garinsu na asali, da rakiyar mutum ɗaya cikin danginsa.”

“Yana da dangi?”

Mai Fayil ya juya shafi. “Uwa dai aka rubuta. Ga ta nan zaune.” Ya nuna ni da biro. Ashe tun ranar katin farko ya sa sunana a gurbin, don ba ya iya barin layi babu cikawa. Gurbi ɗaya ne ya gagare shi. “Inna Tela, garin asali ba a cike ba. Ina ne garinsu?”

Kowa ya juyo. Garinsu dai kan kekena ne, taku arba'in daga inda muke zaune, kuma rabin mutanen ɗakin sun sani. Ni ba maƙaryaciya ba ce, ko a ciniki ba na iya cewa an taya mini abin da ba a taya ba. Amma na dubi idon hagun nan mai ruwan toka, sai na ji bakina yana faɗin sunan wurin da kogi ke faɗowa daga dutse.

“Can?” in ji manaja. “Ai jirgi biyu ake hawa!”

“Agwagwa ce, ranka ya daɗe,” na ce. “A ina kake so a haife ta, a kan tudu?”

Mai Fayil bai ɗago kai ba, ya rubuta. Da muka fito ya rage tafiya har na iso shi, ya ce a hankali, “Ni na raba wa direbobi rigunan nan, Inna. Na san maɓallinsu.” Ya wuce abinsa.

An yi walimar sallama, aka ba Toro agogon bango. Ni kuma aka yi mini fasfo a gurguje, mai shafuka fes, nasa na wasa da ma'aikata suka yi masa kuwa ya cika har an ƙara takarda. A cikin jirgi na ba shi wajen taga. Ma'aikaciyar jirgi ta ce in sa shi a ma'ajiyar sama, na nuna mata katinsa na ce ya girme ni a aiki. Ta dube ni, ta dube shi, ta kawo mana lemo biyu.

Tun daga nesa na fara jin ƙarar, kamar kekunan ɗinki dubu ana taka su tare. A bakin hanya ana raba rigar ruwa, na ƙi karɓa, na ce mu daga kamfanin lema muke. Na buɗe tawa, iska ta juye ta nan take ta koma kamar kwando. Ta Toro ma ba ta tsinana komai ba. Na kutsa cikin masu ɗaukar hoto har gaban ƙarfen da aka gitta, na ɗaga shi sama da hannu biyu, na juya shi ta yadda idon hagu zai kalli ruwan sosai.

Feshin ya jiƙa mu sharkaf. Da ƙyallen ya sha ruwa ya yi nauyi, sai na sauke shi na rungume a ƙirji, a nan ne ƙanshin ya taso. Man inji, da sabulun da yake wanka da shi, da zufar mutumin da ya yini a mota. Shekara shida ƙanshin yana kwance a cikin agwagwar nan ban sani ba. Na yi kuka sosai, da murya, ba wanda ya ji saboda ƙarar ruwa. Na yi kewar Baban Auta kamar a ranar aka fita da gawarsa.

Da na samu kaina na koma kan wani benci, na ciro takardar daga leda, na zaro allura daga bakin mayafina. Sai a karo na uku zaren ya shiga. Na soka a layi na bakwai, na ƙulle, na gatsa zaren da haƙori.

Akwai fom da Mai Fayil ya ba ni, wai wani babba a garin ya sa hannu cewa an danƙa ma'aikaci ga danginsa. Na dangwala ƙafar Toro a taɓo na buga a kai. Sannan na zaunar da shi a gefena, fuskarsa ga ruwan, na gyara masa 'yar lemarsa da ta lanƙwashe.

“To, Baban Auta,” na ce, “ya ka gani?”

Jirginmu sai jibi, don haka na gyara zama na ba shi awa arba'in da takwas ɗinsa, kamar yadda doka ta ce.