Audugar da Aka Saya Sau Biyu

Har ladanin unguwarsu ya kira asuba Tauqir bai runtsa ba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, amma ba zafi ne ya hana shi barci ba. Wani ɗan zane ne na shuɗin alli da ya gani jiya da la'asar a gefen dilar auduga, a siton masaƙar Chaudhry Ilyas.

Wata goma sha ɗaya ke nan yana aiki a reshen wani bankin Musulunci a Faisalabad. Bankin ba ya ba da rance da ruwa. Idan mai masaƙa yana bukatar auduga, bankin ne ke sayenta ta zama mallakarsa, sannan ya sayar masa da riba, a biya bayan wata uku. Don kada cinikin ya tsaya a takarda kawai, dole a tura wani ya ga kayan da idonsa, ya ƙirga, ya sa hannu. Aikin Tauqir ke nan, kuma ya saba yi wa kowace dila ta goma alama da alli don kada ƙirga ta rikice masa. Jiya da ya ɗaga hannu zai yi alamar farko, sai ya tarar da ita tana nan, a karkace zuwa hagu kamar yadda bahagon hannunsa ke zanawa. Ya bi layin har ƙarshe. Cikin alamomi arba'in da ya yi wata uku da suka wuce, talatin da ɗaya suna nan daram.

Dukan dare ya yi yana nema wa abin uzuri. Wataƙila tsohon kaya ne ya gauraya da sabo, wataƙila ma'aikatan siton ma suna amfani da irin allin. Amma duk uzurin da ya gina sai ya rushe idan ya tuna shirun da ya ji a masaƙar, inda injina biyu kacal ke aiki cikin goma sha huɗu. Mafi yawan audugar ba a taɓa ta ba. Ita ce za a sake sayar wa bankin ta hannun kamfanin wani ɗan ɗan'uwan Chaudhry, a karɓi rupi miliyan sittin, a biya tsohon bashin da wa'adinsa ke cika ranar Alhamis. A takarda Chaudhry zai ci gaba da zama mai biya a kan lokaci, alhali ba shi da abin biya.

Mahaifiyarsa ta ajiye masa shayi da paratha, wata irin gurasa da ake soyawa da mai, ta dubi idanunsa.

"Ɗana, wannan aikin cin ka yake yi. Saura wata guda su tabbatar da kai, ko? Ka daure."

"In sha Allahu, Ammi," ya ce, ya gutsuri kaɗan ya tashi.

Manajan reshen, Rana Mudassar, ya riga kowa zuwa. Mutum ne da ya shekara ashirin da biyu a aikin banki, ba ya rabo da maganin hawan jini a aljihu. Ya saurari Tauqir har ya gama, yana juya cokali a kofi.

"To, malam mai alli, na ji. Zauna. Dila nawa ka ƙirga?"

"Ɗari huɗu, Sahib."

"Takardar da za ka sa wa hannu cewa ta yi me? Cewa ta yi ka ga dila ɗari huɗu. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To ina ƙaryar? Auduga ai ba ta da takardar haihuwa."

"Sahib, tasa ce tuni. Mu muka sayar masa. Idan muka sake saye muka sake sayar masa, kuɗi muka ba shi ya dawo mana da ƙari. Sunan kawai muka canja."

Rana ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta kai idonsa ba.

"Ji mini yaro, digiri biyu ya yi zai karanta mini fiƙihu da sassafe. Kana tsammanin ban sani ba? Turawa sun soke masa oda, shi ke nan abin da ya faru. Mutum ɗari shida ke ci a masaƙar nan. Idan Alhamis ta wuce bai biya ba, sunansa ya shiga baƙin littafi, babu bankin da zai sake kallonsa. Kuma surukinsa yana zaune a majalisar daraktocinmu, ya kira ni sau uku jiya, har ina cikin wanka. Kai za ka amsa masa?"

"Akwai hanyar jinkirta masa biya ba tare da ƙari ba."

"Akwai, a littafi. Sai an rubuta cewa ya gaza, sai reshe ya yi asara, sai a tambaye ni. Ɗana, na gaji, wallahi na gaji. Ranar Litinin zan cika takardar tabbatar da kai. Ka kawo mini ta audugar da sa hannunka kafin azahar, mu rabu lafiya."

Tauqir ya koma teburinsa ya zauna da takardar a gabansa. Abin da ya fi damunsa shi ne bai ga mugu a cikin lamarin ba. Rana bai ci ko sisi ba, Chaudhry kuma mutum ne da ruwa ya kai wa wuya. Sai dai ya tuna layin da ke bayan gilashi kowace safiya: tsofaffin malaman makaranta da zawarawa masu kawo ajiyarsu nan, suna tsallake bankuna uku mafi kusa da gidajensu, saboda an gaya musu a nan ciniki ake yi na gaskiya. Kuɗinsu ne za a ba mutumin da ba zai iya mayarwa ba, ribar da za a raba musu kuma ba irin wadda suka zo nema ba ce. Iyakar abin da ke tsaye tsakaninsu da wannan shi ne idon da aka tura sito, kuma idon nasa ne. Ya yi tunanin albashinsa, da hayar gida, da maganin mahaifiyarsa.

A ƙasan takardar akwai wani fili na ƙarin bayani wanda ba wanda ke cikewa. Ya rubuta layi uku: cewa ya ƙirga dila ɗari huɗu, cewa mafi yawansu su ne waɗanda ya ƙirga a cinikin baya, cewa ba zai iya shaida sabon saye ba. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Ƙa'ida ta ce kwafi guda ya tafi kwamitin malaman shari'a na bankin a Karachi a ranar da aka sa hannu, ko da yake a reshen an saba tara su a ofishin manaja sai ƙarshen wata. Tauqir ya sa kwafin a ambulan, ya sauka ƙasa ya jefa a jakar wasiƙun babban ofis, ya tsaya har aka ɗaure bakinta aka ɗora a babur. Sannan ya hau sama, ya ajiye asalin takardar a teburin Rana, wanda ya fita alwala, ya koma wurinsa ya jawo fayil na gaba.