Maɓallin da Ya Ƙi Dannuwa

Aikin Gwaggo a shagon yayanta shi ne sayen takalman da ba za ta sa ba. Shagon na intanet ne, ɗaki biyu a saman bene, ɗaya na kwalaye, ɗaya na kwamfutoci. Kullum da safe takan shiga shafin kamar baƙuwa, ta jefa takalmi a kwando, ta bi har wurin biya da katin gwaji. In ya wuce sai ta soke, ta sake da wata wayar. Ma'aikata suna tsokanarta da "Gwaggo mai ƙafa dubu."

Ranar da aka fara rangwame, ta danna maɓallin biya a tsohuwar waya, ya yi kememe. Ta sake, ko gezau. Wanda ya sauya fasalin shafin ɗan yayan nata ne, da ake kira Injiniya, wanda ita ta fara koya masa riƙe linzamin kwamfuta.

Ta same shi tare da babansa. "Yaya, masu tsofaffin wayoyi ba sa iya biya. Cika kwando suke yi su tafi."

Injiniya bai ko ɗago kai ba. "A tawa lafiya lau. Gwaggo, yawan latse-latsenki ne ke rikita shi."

"Ɗana, ai don latsawar aka ɗauke ni."

Ta miƙa wa Yaya wayar. Ya danna da kansa, ya sake dannawa, ya saci kallon ɗansa. Sannan ya kife ta a tebur.

"Ke dai ba kya raina abin magana," ya ce. "A bar yaro ya yi aikinsa."

Kafin la'asar maɓallin ya gyaru. Da mako ya zagayo, Yaya ya ce an samo manhajar da za ta riƙa gwajin da kanta, ita kuma ta koma ɗakin kwalaye, ai can ma ana neman hannu.

A can take ranar da dillalin takalma ya kawo kaya. Bangon ba kauri, tana jin Yaya yana ba shi labari.

"Da ba don idon yaron nan ba, da rangwamen ya tashi a banza. Shi ya gano matsalar."

Wata mai naɗe kaya da ke ɗakin ta dube ta. "Gwaggo, ba za ki tanka ba?"

"In tanka wa wa? A gidan Yaya nake kwana. Miƙo min almakashi."