Inda Ruwa Ya Kwanta

Ni ba mutumin yawo ba ne. Shekara talatin da ɗaya ina durƙushe ina jera tayil a gidajen mutane, ban taɓa jin ina marmarin ganin ƙasar wani ba. Autana ne ya fitar da ni. Ya bi wani kamfanin gini zuwa 'yar ƙasar nan da ke bayan duwatsu, aiki ya ƙare, kowa ya dawo, shi ya maƙale. Wai yana koyon aiki. Wane aiki? Wanda na koya masa da hannuna?

Ga gwiwoyina sun fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ina buƙatar wanda zai karɓe ni, kuma ba ni da kowa sai shi. Na kira shi na ce ya dawo.

"Baba, ka zo ka gani tukuna," ya ce. "Aikin mutanen nan daban ne."

"Zan zo," na ce. "Da butata zan zo. In na zuba ruwa a daɓe ɗaya a ƙasar nan ya kwanta bai gangara ba, ka haɗa kayanka mu taho tare."

Ya ce ya yarda. In kuma ban samu ba, in bar shi ya ƙara shekara biyu. Na yi dariya. Ni da na san babu garin da ba a ha'inci a gini.

Maƙwabcina Kafinta da ya ji inda za ni sai da ya riƙe ciki. "Ƙasar da in ƙuda ya sauka a kan taswira sai a neme ta a rasa? Ka tafi da ashana, mutumina, ƙila ba su san wuta ba."

Ran da zan tafi an yi ruwa da safe. Mai ɗakina tana tsakar gida da tsintsiya tana kore ruwan da ke taruwa a bakin ƙofar kicin, kamar yadda take yi kowace damina. Ni na yi daɓen nan, kuma na sha gaya mata ƙasar wurin ce ke lotsawa. Ta cusa mini sabulu da tocila da maganin sauro a jaka, ta ce, "Ni dai ka dawo mini da ɗana. Ban damu da butarka ba."

Kwana biyu muna hanya. Muna ƙetare iyaka na fara shirin ganin wahala, sai na ga titi ya kwanta sumul yana nannaɗe dutse kamar an zana shi da alƙalami. Ƙasa kore shar, ruwa na saukowa daga kan duwatsu fari fat, ga wani tafki a ƙasa wanda sai da na tashi tsaye a mota don in ga ƙarshensa, ban gani ba. Amma ni ba tafki na zo gani ba. Na leƙa gefen titi. Magudana ce, an gina ta da dutse, an rufe ta, ko leda ɗaya babu a ciki. Na ce a raina, bakin iyaka ne, don baƙi aka yi. Bari mu shiga ciki.

Auta ya tarye ni a tasha, ya yi ƙiba, ya yi haske. Ya rungume ni, na ce ya sake ni in yi aikina. Na cika buta a famfon tasha, na shiga banɗakinsu, na tsiyaya a tsakiyar daɓe. Wallahi ruwan nan bai yi shawara ba. Ya miƙe kai tsaye zuwa rami kamar an kira sunansa. Na koma lungu, inda mu ma'aikata muke ɓoye kuskure, na sake zubawa. Ya bi sahun ɗan'uwansa.

"Tasha ce," na ce wa Auta. "Aikin gwamnati ne. Kai ni kasuwa."

Kasuwar kifi ya kai ni, inda na tabbata zan taka ruwa har idon sawu. Kai! Na shiga da takalmina na fita da shi a bushe. Kowane teburi da 'yar hanyar ruwansa a ƙasa, duk suna haɗuwa a wuri ɗaya. Na durƙusa ina shafa bakin tayil da yatsa, ban ji inda ɗaya ya ɗara ɗaya ba. Wata mai kifi ta ga dattijo a durƙushe, ta zaci faɗuwa na yi, ta rugo da kujera. Da Auta ya yi mata bayani da harshensu sai ta fashe da dariya, ta ɗauko bokiti guda ta miƙo mini.

"Me ta ce?"

"Ta ce butar ta yi ƙarama, Baba. Wai ka gwada da wannan."

Na gwada kuwa. Masu kifi suka taru suna tafi ruwa na wucewa. Ban so ba, amma sai da na ji bakina ya buɗe da murmushi. Ta soya mana kifi muka ci a tsaye, kifin da ban taɓa cin mai daɗinsa ba, ta kuma hana mu tafiya sai da na sha shayi.

Kwana uku ina zagaya garin nan da buta. Asibiti, makaranta, gidan da Auta ke haya, har wata matattakalar dutse mai hawa ɗari da wani abu wadda kakanninsu suka gina. Na hau ta da gwiwoyin nan nawa, ina haki, ina zuba ruwa a kowane hawa na goma. Ko ɗaya bai riƙe ba. Da na kai sama na juyo na ga garin gaba ɗaya a ƙasana, jajayen rufi, tafki na walƙiya, sai na ji na ce da ƙarfi, "Kafinta, ka yi asara!" Auta ya kalle ni, na ce ya daina kallona.

A hanya na manta hulata a motar haya. Kafin mu gama cin abinci direban ya zagayo ya kawo ta. Na ce wa Auta, su waɗannan mutane me ke damunsu?

Na tambaye shi sirrin daɓensu. Ya ce ba wani sirri. Kafin su ɗora tayil ko ɗaya sai sun kafa ƙusa huɗu sun ja zare sun auna gangara. In sun gama kuma ma'aikaci da kansa zai zuba bokiti a gaban mai gida, ba ya ɗaukar kayan aikinsa sai ruwan ya tafi.

"Zare na makafi ne," na ce. "Ni idona ne ma'aunina."



Rana ta huɗu, wadda daga ita sai tafiya, na lura da abu ɗaya. Ya kai ni ko'ina, bai kai ni wurin aikinsu ba. Na ce mu je. Ya ce da nisa. Na ce ina da ƙafa. Ya ce maigidan nasa ba ya nan. Na ce ba gaisuwa za ni ba.

Maigidan yana nan daram. Wani guntun tsoho ne mai ƙaton gashin baki, da dunƙulen zare rataye a ɗamararsa, ma'aikatansa ma Mai Zare suke ce masa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya juya tafin ya duba kantar da ke ciki, ya gyaɗa kai. Nan na san mutumin kirki ne. Auta ya yi ta jana wajen injin yankan tayil, ni kuwa na ga wata ƙofa a baya, na tura ta.

Ɗan fili ne inda suke wanke kayan aiki, an yi masa tayil. Ban ma buƙaci buta ba. Ga ruwa nan kwance a tsakiya, faɗin faranti, har da ganye yana yawo a kai.

"Na samu!" na yi ihu. "Auta! Zo ka gani! Na ce maka babu ƙasar da ba a ha'inci!"

Har rawa na taka, ni da gwiwoyina. Sannan na durƙusa don in ƙare wa aikin kallo in ji daɗin zagin wanda ya yi shi. Yanka mai kyau ne. Jeri ya miƙe. An fara daga bakin ƙofa, an kai guntayen can bango inda ido ba ya zuwa. A lungu an yanka biyu an haɗa baki da baki. Babu mai yin lungu haka sai mutum biyu a duniya, kuma ɗayan ni ne.

Na ɗago. Auta na tsaye a ƙofa, kansa a ƙasa.

"Satina na farko ne, Baba," ya ce. "Mai Zare ya miƙo mini zare, na ce babana ba ya amfani da shi. Sai ya ce to in yi yadda babana ke yi. Ya hana a fasa. Duk sabon ma'aikaci nan ake fara kawo shi. Ni nake share ruwan."

Mai Zare ya zo yana magana yana nuna tayil ɗin. Auta ya kawar da kai. Na ce ya fassara.

"Ba wani abu ba ne, Baba."

"Fassara, don gidanku."

"Ya ce wanda ya koya mini gwani ne a yanka da jeri, ko a nan da wuya a sami kamarsa." Ya sosa ƙeya. "Amma ya ce da ganin aikin mutum ne mai taurin kai, kuma ya yi rantsuwa akwai wata baiwar Allah a gidansa da ke share ruwa kullum."

Na hango mai ɗakina a raina, da tsintsiyarta a bakin ƙofar kicin. Shekara ashirin. Ƙasa ce ke lotsawa, in ji ni.

"Ka ci, Baba," in ji Auta. "Daɓe ɗaya ka ce, ka kuma samu. Zan haɗa kayana."

Gaskiyarsa, na ci. Da na yi shiru da gobe yana kusa da ni a mota, uwarsa ta yi guɗa, gwiwoyina su huta. Sai dai me zan kai gida? Mai share ruwa na biyu?

"Ni daɓen mutanen ƙasar nan na ce," na faɗa masa. "Wannan namu ne, daga gida muka kawo shi. Ɗauko guduma."

Mai Zare ya gane ba tare da fassara ba. Ya tafa hannu, ya kira mutanensa. Kafin azahar mun fasa filin nan kaf. Tsohon ya kafa ƙusa huɗu, ya miƙo mini bakin zare. Na karɓa. Da aka ja shi aka ɗaure sai ga kuskuren a fili, kaurin yatsa ɗaya tak, abin da idona ya rantse babu. Na ɗaga tafiyata da kwana biyu. Auta na shimfiɗa siminti, ni ina yanka, Mai Zare na tsaye a kanmu yana surutu. Da ya bushe, ni na zuba bokitin da hannuna. Ruwa ya ruga kamar ana korarsa, ma'aikata suka ɗauki ihu, ni na fi kowa.

Na dawo gida da sabulu da tocila da maganin sauro yadda aka ba ni su, da dunƙulen zare a aljihu. Mai ɗakina ta leƙa bayana ba ta ga kowa ba.

"Ina ɗana?"

"Yana makaranta," na ce. "Saura shekara biyu. Ki nemi jaka, bayan damina zan kai ki ki gan shi, ki ga tafki, ki ci kifi. Yanzu dai kwashe tukwanen nan daga bakin ƙofa."

Kafinta ya ji ƙarar guduma ya leƙo ta katanga. "Lafiya? Gidanka kake rushewa? Ya ƙasar ƙuda?"

"Sauko ka riƙe mini zaren nan," na ce, "in ba ka labari."