Jan Layin da Ya Ratsa Gidan Mai Awara

"Rubuta cewa ban yarda ba," in ji tsoho Genzo. "Da manyan baƙaƙe, don su ma tsofaffi ne."

Tomiko, maƙwabciyarsa, ta ɗaga biro daga kan takarda ta dube shi. Yana kwance a kan tabarma, bargo har haɓa, ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"Haba Baba! Duk lungun nan murna ake za a goge layin. Kai kaɗai za ka ce a zo a rushe mu?"

"Wa'azi na kira ki ki yi mini? Aski kika iya, shi ma da gyara. Rubuta."

Shekara hamsin da biyu ke nan da hukumar tsara birni ta zauna ta ja jan layi a kan taswira, ta ce nan babbar hanya za ta bi. Layin ya shiga ta shagon askin da Tomiko ta gada, ya ratsa ɗakin da Genzo ke dafa awara, ya fita ta bayan gidan wankan unguwa. Hanya ba ta zo ba, layi kuma bai tafi ba. Duk wanda gidansa ke kai, ba shi da izinin ginin siminti ko hawa uku. Yanzu da garin ya tsufa, mutane da motoci suka ragu, hukumar ta ce za ta soke, kowa ya kawo ra'ayinsa a rubuce cikin mako biyu.

"To, in ce me ya sa?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. "Ki ce matata Setsu ta roƙe ni ɗaki ɗaya a sama, na katako, inda za ta riƙa hango teku tana ɗinki. Doka ba ta hana wannan ba. Ni na hana. Na ce wane wawa ne zai gina abin da za a rushe baɗi? Na ce ta jira hanya ta zo, a sake mana wuri. Ta jira shekara arba'in, ta mutu a ɗakin nan da rana ba ta shiga." Ya yi tari. "In sun yi hanyar, zan ce mata ga shi, ban yi ƙarya ba. In ba su yi ba, me zan je in ce?"

Tomiko ta rubuta duka, hancinta yana zuba, ta ce mura ce. Tun tana 'yar shekara goma take kai kwano ƙofarsa da safe sayen awara, kullum sai ya ce ta zo da babban kwano don ta cuce shi, kullum kuma sai ya ƙara mata yanka. 'Ya'ya bai samu ba. Ita ke kawo masa miya yanzu, ita ke aske shi.

Likitan da ke zuwa gida ya ce da wuya ya ga ƙarshen wata. Genzo ya ce likita bai san shi ba, ba inda za shi sai hukuma ta zauna. Ya kuwa cika maganarsa, da kunun shinkafa cokali uku a yini da faɗa mai yawa.

Ranar zaman Tomiko ta rufe shago, ta sa rigar da take zuwa biki da ita, ta hau har hawa na shida a ofishin birni. Aka ba ta kujera a baya, da takarda mai cewa mai kallo ba ya magana, ba ya tafi. Mutum goma sha biyar ne a tebur, malaman jami'a da 'yan majalisar gari, kowa da kwalbar shayi a gabansa. Wani ma'aikaci ya haska taswira a bango, ta ga lungunsu kamar zare. Ya ce ra'ayi talatin da ɗaya aka samu, talatin sun goyi baya, mutum ɗaya bai yarda ba, bisa dalili na iyali. Ya juya shafi.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Sunansa Kuwabara Genzo," ta ce. "Yana kwance yana jiran ku."

Kunya ta rufe ta har wuya. Shugaban zaman, wani farfesa mai sanƙo, ya ce mai kallo ba ya magana, ta sunkuya ta ba da haƙuri ta zauna. Sai ya cire tabarau, ya ce shi yana da ikon neman a karanta takarda, a karanta wannan daga farko har ƙarshe. Aka karanta. Ba wanda ya taɓa kwalbarsa. Sannan aka ɗaga hannu, duka sha biyar, aka goge layin.

A cikin bas ta shirya ƙarya mai kyau: an ɗage zama sai wani watan. Wa zai ƙaryata ta? Amma da ta zuge ƙofa ta ga idanunsa a kanta, ƙaryar ta gudu.

"Sun soke, Baba."

"Minti nawa suka yi?"

"Sha ɗaya."

Ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. "'Yan banza. Awara ma ta fi haka daɗewa a wuta." Ta goge masa baki. "Sun karanta?"

"Duka. Har sunan Inna Setsu, a gaban kowa. Na yi musu rashin kunya kafin nan."

"Da ma kin saba. A hawa na nawa?"

"Na shida."

"Da taga?"

"Babba. Ana ganin teku har da jiragen ruwa."

Ya rufe ido, hawaye ya bi ta gefe ya shiga kunnensa. "To," ya ce. "Ko ba komai Setsu ta hau sama."

Bayan kwana biyu, da hantsi, tana ɗumama ruwan aski a kicin ɗinsa, ya tafi. Ta aske shi duk da haka, a hankali, ta kewaye tawadar Allah da ke haɓarsa, tana kuka tana ce masa kada ya motsa.

Ranar jana'iza motar gawa ta tsaya can bakin titi, lungun ya yi mata kaɗan. Dole a ɗauke shi a hannu. Tun da safe mata suka kwashe tukwanen furanninsu daga ƙofar gida, aka jingine kekuna a bango, mai gidan wanka ya naɗe rumfarsa. Maza shida suka fito da akwatin, ƙaraminsu ya haura sittin, kafaɗunsu suna gogar katangu hagu da dama, suna ce wa juna a hankali, a hankali. A kowace ƙofa akwai wanda ya haɗa tafukansa ya sunkuya. Da aka sa shi a mota, direba ya danna oda mai tsawo, suka tafi.

Tomiko ta dawo ita kaɗai. Mata sun fara fito da tukwanen, kowace tana neman da'irar damshin da tata ta bari a ƙasa, tana mayar da ita daidai wurin.