Ƙofar da Auta Ya Rufe

Shekara ashirin da bakwai Auta ya yi a ƙasar waje yana zana ƙofa ɗaya. Ƙofar gidansu ce, koriya, mai tsaguwa daga ƙasa, kuma a kowane zane a rufe take ruf. Mutanen can suka yi ta saye suna ratayewa a falo, wai kewar gida suke gani a ciki. Su dai suka sani. Shi abin da ya sani, ranar da ya ajiye zarto a shagon mahaifinsa ya ce zane zai tafi koyo, Inna ta ce in ya fita kada ya waiwayo. Ya fita, ya ji an buga ƙyaure a bayansa, bai kuwa waiwaya ba. Taurin kai ne na gado, ba a nesa ya ɗauko ba.

Ko rasuwar Baba bai zo ba, a waya ya yi gaisuwa kamar wani maƙwabci. Sai bana da yayarsa ta kira ta ce, “Idon Inna ya tafi, jikin ma sai a hankali. In za ka zo, ka zo.”

Ya iso da hantsi, da jaka ɗaya da zane ɗaya cikin kwali. Bai san ko tsohuwar za ta yafe masa ba. Ya tarar da ita a kan tabarma bakin ɗakinta, ta ƙanƙance. Ya durƙusa, ta shafa fuskarsa har zuwa kai.

“Auta har da sanƙo? Ikon Allah. To, miƙo in ga abin da ya fi mu.”

Shi da wuƙa yake shafa fenti, da kauri, don haka yatsa na iya bin zanen. Inna ta ɗora shi a cinya tana lalube.

“Ga tsaguwar nan da babanku ya yi ta cewa gobe zai gyara. Kafinta guda, ƙofarsa a tsage.”

Yaya ta yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Can sai yatsun Inna suka tsaya a tsakiya, inda ƙyauren ya haɗe da bango.

“A rufe ka yi ta?”

“Haka na bar ta, Inna. Da kunnena na ji an buga.”

“Babanku ne ya buga. Ni na buɗe tun kafin ka kai bakin layi. Na tsaya ina kallon ƙeyarka har ka sha kwana.”

“Ke kika ce kada in waiwayo.”

Ta ɗago kai wajensa. Sannan ta ce, “Duk faɗan da na yi maka a duniya, ɗan nan, wannan kaɗai ka ji.”

Yaya ta share ido da gefen mayafi ta ce masa ya je ya duba sakatar. Ya tashi ya je. Ƙofar ta koɗe, koren ya kusa ƙarewa. Sakatar na nan a zare, tsatsa ta cinye ta a inda take. Ya ja da ƙarfi, ko motsi ba ta yi ba. Tun ranar da ya tafi sai dai a sakaya ƙofar, ba a kulle ta, don kada in ya dawo ya ji nauyin ƙwanƙwasawa.

Ya dawo ya zube a gabanta, ƙato da shi yana kuka.

“Inna, ki yafe mini.”

“Ni ai na yafe tun kana kan layin,” in ji ta, tana shafa ƙyauren zanen da ke cinyarta. “Babanku ne dai. Shi da ya buga, shi ya hana a taɓa sakatar. Ranar da zai cika ma sai da ya ce a leƙa ko kai ne.”