Matar Benci na Ƙarshe

Bae Seon-ok ta danna maɓalli, ta naɗe hannu tana kallon kwamfuta. Yau ta fara dawowa ofis tun bayan jana'izar mijinta Gyu-tae. Teburinsa na nan jikin taga, wani ya ɗora tukunyar fure a kai.

Fim ɗin zanen da kamfaninsu na birnin Busan ke haɗawa yana da tashar jirgin ƙasa cike da jama'a, kuma injuna sun kasa ɗaukar nauyinta. A ƙa'ida mutane kaɗan ake ƙerawa, a yi ta baza kwafinsu, don kwafi ba shi da nauyi. Umarnin da ta rubuta zai bi taron ya shafa wa duk mai kwafi ja. Wanda ya rage shi ne mai nauyin, goge shi za a yi.

Tasha ta rine ja tun daga bakin ƙofa. Mace guda ce ta rage, a benci na ƙarshe.

Seon-ok ta jawo hoton kusa. Matar ta cire takalmi ɗaya, tana sosa ƙwauri da diddige, idonta a waya. Seon-ok ta leƙa ƙarƙashin teburinta. Nata takalmin ma yana gefe.

Ta jira ta ji wani abu a ranta. Ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai take ji.

Shugaban sashe, Ma Hyeon-uk, wanda ke kiranta Yaya, ya tsaya a bayanta da kofin shayi.

"Yaya, wannan ce ke kashe mana injuna? Dubi, har zaren rigarta an saƙa ɗaya-ɗaya. Wane marar aikin yi ne ya..."

Idonsa ya kai kan sunan wanda ya ƙera ta: Gyu-tae. Ya ajiye kofin.

"A bar ta, Yaya. Ni zan yi wa darakta bayani."

"Me za ka ce masa? Jibi za a miƙa aiki."

"Zan samu abin faɗa."

"Ya cika mata kumatu," in ji ta. "Ni ba haka nake ba."

Hyeon-uk ya ɗauki kofinsa.

Ta ciro matar da bencinta daga tashar, ta kai ta wani sabon fayil da ba ƙasa ba sama. Nan take tasha ta yi sauƙi, jama'a suka ci gaba da tafiya. Kwamfuta ta nemi sunan da za a sa wa fayil ɗin. Har Hyeon-uk ya koma kujerarsa, hannunta na kan maɓallai, ba ta rubuta komai ba.